Ranar Da Facebook Ya Kulle Kansa A Waje

Ka tuna inda kake ranar Litinin, 4 ga Oktoban 2021, bayan la'asar? In ka manta bari in tuna maka. Ka tura saƙo a WhatsApp, ɗan agogon nan ya maƙale a gefen saƙon ya ƙi gusawa. Ka kashe data ka kunna. Ka duba ko ƙarewa ta yi, ka ga da saura. Ka kashe wayar ɗungurungum ka sake kunnawa. Wani ma har layin ya zare ya goga a bakin riga ya mayar, sai ka ce ƙura ce ta tare saƙon. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai aka koma zagi, kamfanin layi ya sha nasa, gwamnati ta sha nata.

Ban ga laifin kowa ba. A lokacin an dakatar da Twitter a Najeriya tun watan Yuni, sai da VPN ake leƙawa. A Zamfara an katse layukan sadarwa tun farkon Satumba saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Amma a wannan karon ba daga Abuja ba ne, ba kuma turken sabis ɗin unguwarku ba ne. Daga Kano har Landan, daga Yamai har Jakarta, Facebook da Instagram da WhatsApp da Messenger sun ɗauke a lokaci guda, wajen ƙarfe biyar saura na yamma agogon Najeriya da Nijar, ba su dawo sosai ba sai wajen sha ɗayan dare. Kusan awa shida ke nan.

Ni ɗaukewar ba ta ba ni mamaki ba, na'ura kam dole wata rana ta yi tuntuɓe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa gyaran ya daɗe haka, a kamfanin da ya tara injiniyoyin da suka fi kowa tsada a duniya. Dalilin kuwa ko yaron gida ya san shi: sun kulle ɗaki, mukulli yana ciki.

Bari mu ɗan koma baya. Hoton bikin da ka ɗora, da bidiyon da kika kalla har sau biyar, duk suna kwance ne a kan wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba, wasu marubutanmu kuma su ce uwar garke, tunda ita sauran na'urori ke bi. Jere suke cikin akwatunan ƙarfe a manyan gine-gine masu sanyin gaske, babu allo babu madannai a gabansu, babu kuma mai zama kusa da su. Masu kula da su daga nesa suke shiga, ta intanet. Mutum yana ɗakinsa da gajeren wando yana ba kwamfutar da ke wata nahiya umarni tana bi. Abin da daɗi, har sai ranar da hanyar da yake bi ya shiga ita ce ta lalace.

Abin da ya faru ke nan a wannan Litinin ɗin. Kamar yadda kamfanin ya bayyana washegari, ana cikin gyare-gyaren yau da kullum ne aka ba da wani umarni don a auna ƙarfin babbar hanyar da ta haɗa cibiyoyinsu na duniya. Maimakon aunawa, sai umarnin ya tsinke hanyar gaba ɗaya. Akwai manhajar da aikinta shi ne ta tare irin wannan kuskure kafin ya wuce, ita ma ashe tana da nata aibin, ta bar shi ya wuce.

Daga nan sai abu ya bi abu, kuma don ka gane sai na gabatar maka da ma'aikata biyu da kake mora kullum ba ka san da su ba. Na farko sunansa DNS. Ka san in za ka kira Umma ba lambarta kake dannawa ba, sunanta kake taɓawa waya ta nemo lambar. To haka intanet take, kai suna ka sani, na'ura kuwa lamba kawai ta sani, DNS ne ke mayar da sunan shafi ya koma lambar adireshi. Na biyu sunansa BGP, shi kuwa ɗan kamasho ne a tasha. Shi ke ɗaga murya yana cewa mai zuwa waje kaza ya biyo ta nan. Kowane babban kamfani yana da irin waɗannan 'yan kamasho da ke shelanta wa sauran duniya hanyar gidansa. To na'urorin DNS na Facebook an tsara su ne ta yadda in suka daina jin ɗuriyar manyan cibiyoyin, za su ɗauka su ne ba su da lafiya, su janye shelarsu. Da hanya ta tsinke, duk sai suka yi shiru lokaci guda. Kwamfutocin suna nan a kunne, hotunanka suna nan babu abin da ya taɓa su, amma a duk faɗin intanet babu mai iya kwatanta maka gidan.

Nan ne gizo ke saƙa. Kayan aikin da injiniyoyin za su duba matsalar da su, a kan wannan hanyar suke. Hanyar ko-ta-kwana da aka tanada don irin wannan rana, ita ma ta tafi tare da babbar. Jaridun Amurka ma sun ruwaito cewa wasu ma'aikatan katin buɗe ƙofar ofis ɗinsu ya daina aiki. Dole aka tashi mutane takanas suka je cibiyar da ƙafarsu, can kuma suka tarar da tsaron da su da kansu suka gina don hana ɓarawo shiga, ya tsaya musu a gaba.

Ra'ayina ke nan, kuma shi ya sa na ɗauko maganar: duk abin da kake juyawa daga nesa, ko uwar garke ce, ko kyamarar tsaron shago, ko asusunka na imel, in ba ka tanadi ƙofa ta biyu da ba ta rataye a wuyan ta farko ba, to ba kai ke riƙe da shi ba, sa'a ce ke riƙe maka. Kuma ranar da ya ƙi buɗewa, kalmar nan da muka haddace, "netwok ne", ba amsa ba ce. Hanyar gudun tambaya ce kawai.

Kada ka ce dariya nake wa Turawa. Ni ma na yi, kuma tawa ta fi muni tunda an gargaɗe ni.

Yayata tana sayar da atamfa da leshi da mayafai. Na lallaɓa ta ta yarda in buɗe mata ɗan shafi a intanet inda kwastomomi za su ga kaya da farashi, na kama hayar wata 'yar ƙaramar uwar garke a Turai, 'yan daloli a wata. Saura kwana tara Sallah, daidai lokacin da ciniki ke ci, na karanta cewa ya kamata a kunna katangar tsaro, wato manhajar da ke rufe duk ƙofofin kwamfuta sai wadda ka ce a bari. Kowace uwar garke tana da ƙofofi masu lamba. Masu kallon shafi ta 80 da 443 suke shigowa. Mai kula da na'ura in Linux ce ta 22 yake shiga da abin da ake kira SSH, in Windows ce kuma galibi ta 3389. Na rubuta umarnin kunna katanga. Na'urar ta tsaya ta tambaye ni, ta ce wannan fa zai iya katse hanyar da kake ciki, a ci gaba? Na danna eh ko karantawa ban gama ba. Na rufe kwamfuta na tafi cin tuwo, ina jin kaina wani babban injiniya.

Ban ce a bar ko ƙofa ɗaya a buɗe ba.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara. "Auta, wai me ka yi wa shagona? Hajiyar Zariya ta ce abin ba ya buɗewa." Na ce, "Yaya, netwok ne, zai dawo." Ka ji fa. Ni da bakina. Na gwada shiga, shiru. Na canza layi, shiru. Na sayi sabuwar data, na fita tsakar gida ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Awa biyu cur ina faɗa da kamfanin layin da bai san hawa ba bai san sauka ba, alhali YouTube yana buɗewa lafiya lau a wayar da ke hannuna. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini cewa matsalar ba a gefena take ba, amma wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya ganin shaida.

Da hankalina ya dawo na tuna kamfanin da na kama hayar yana da wata taga a shafinsa, wadda ke nuna maka fuskar na'urar kamar kana tsaye a gabanta, ba ruwanta da katanga. Na buɗe da murna. Ta nemi kalmar sirri. Ni kuwa da mabuɗin SSH na saba shiga, kalmar sirrin doguwa ce ban haddace ba, na adana ta a wani fayil. Ka canki inda fayil ɗin yake. A cikin uwar garken. Sai da na bi doguwar hanyar sake saita kalmar sirri, na tayar da na'urar, na buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ana kiran assalatu shafin ya dawo. Hajiyar Zariya kuwa ta riga ta sayi leshinta a wani wurin.

Tun daga ranar na koyi cewa gano matsalar sadarwa ba baiwa ba ce, tambaya ce a kan tambaya, daga kusa zuwa nesa. Ta farko ita ce wadda na tsallake: ni kaɗai ne ko kowa ne? Buɗe wani shafin. Gwada wani layin. Kira abokinka na Kaduna ko Maraɗi ya gwada daga can. Minti biyu wannan zai ci, amma ya raba maka duniya gida biyu, ka san a wane ɓangaren za ka nema.

Sai ka ɗauko ping. Wani ɗan ƙaramin umarni ne da wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta tun 1983, yana nan a kowace kwamfuta, har a waya akwai manhajojinsa kyauta. Aikinsa ɗaya ne, ya yi sallama ya jira a amsa. Yi wa 8.8.8.8 sallama, lambar Google ce, ko 1.1.1.1 ta Cloudflare. In lamba ta amsa amma suna ya ƙi buɗewa, ka kama ɓarawonka, DNS ne. In lambar ma ba ta amsa ba, to matsalar tana kusa da kai, duba wayar da ta shiga bayan kwamfuta, duba na'urar rarraba intanet, duba ko kuɗin wata ne ya ƙare. Kada ka raina wannan. Sau da yawa abin da aka kwana ana nema, mai shara ne ya ture fulogi. Sai dai ka sani akwai uwar garken da aka hana ta amsa ping da gangan, don haka shirunta kaɗai ba ya nufin ta mutu.

Akwai ɗan uwansa traceroute, a Windows tracert ake rubutawa. Shi kuma lissafo maka yake duk zangon da saƙonka ya yada tsakaninka da inda za shi, kamar ka ce daga Kano sai Zariya, sai Kaduna, sai Abuja. Inda lissafin ya yanke bai ci gaba ba, nan za ka fara zargi. Wani lokacin kuma yankewar a ƙasan teku take. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala daura da gaɓar Kwadebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, manhajojin wasu bankuna a Najeriya suka riƙa ƙin buɗewa. A irin wannan ranar ko sau ɗari ka kashe na'urarka ka kunna aikin banza ne, gyaran sai jirgin ruwa. Amma sanin hakan ma riba ce, don ya hana ka kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

Inda na fi so ka tsaya shi ne saƙon da na'ura ke ba ka in ta ƙi buɗewa. Yawancinmu ba ma karantawa, da mun ga jan rubutu sai mu rufe. Alhali ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane da inda yake nunawa. Ɗauka ka je gidan mutum ka yi sallama. In ka yi ta yi shiru har ka gaji ka juya, wato saƙon da ke cewa lokacin jira ya ƙure, to ko dai ba gidan ba ne, ko babu kowa, ko akwai katangar da ta hana muryarka isa ciki. Irin wanda na samu ke nan a daren leshi, kuma da na san karatunsa da tun a minti na farko na tuna katangar da na kunna. In kuwa kana sallama aka ce maka daga ciki "ba a shiga ta nan", wato an ƙi karɓar haɗin nan take, to albishirinka, gidan ne, kuma da rai a ciki. Manhajar da ya kamata ta tsaya a wannan ƙofar ce ba ta tashi ba, ko ka ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. In kuma an leƙo an dube ka aka ce ba a san ka ba, hanya lafiya take daga farko har ƙarshe, matsalar sunanka ce ko kalmar sirrinka ko mabuɗinka. Uku ne, kuma wanda ya iya bambance su ya rage wa kansa rabin dare.

Sannan tambayar da ta fi kowace ciwo: me aka taɓa na ƙarshe? Na'urar da ta yi wata shida tana aiki ba ta cika lalacewa haka kawai ba. Wani ya sabunta wani abu, wani ya canza saiti, wani ya ce "bari in ɗan gyara". Galibi kuma wannan wanin kai ne. In ka fara gyara, abu ɗaya za ka canza ka gwada, ka rubuta a takarda, sannan ka matsa. Mai canza abu biyar a lokaci guda ko ya dace ya gyaru bai san me ya gyara ba, gobe in ta dawo sabon ɗalibi ne.

Mu a nan muna da namu ƙarin da littattafan waje ba su cika damuwa da su ba. Uwar garken ofis tana aiki, aka ɗauke wuta, batirin inbata ya zube da tsakar dare. An kawo wuta da safe, komai ya tashi ban da ita, domin ba a saita ta ta kunna kanta in wuta ta dawo ba, saitin da bai fi minti ɗaya ba. Oga yana Abuja yana ta kiran a gyara masa "netwok", alhali maɓalli ɗaya mai gadi zai danna. Ga kuma wanda ya sa kyamarori a shago ya haɗa su da na'urar intanet mai amfani da layin waya, ya yi duk saitin da aka ce, amma daga gida ya kasa shiga kai tsaye. Ba laifinsa ba ne. Kamfanonin layi sukan haɗa kwastomomi da yawa a kan lambar adireshi guda, kamar gidan haya mai ɗaki hamsin da lambar gida ɗaya. Na ciki zai iya fita ya dawo, amma baƙon da ya zo da lambar gida kawai bai san ɗakin da zai nufa ba. Maganin shi ne ko ka nemi lambar kanka daga kamfanin, ko ka sa na'urar da ke ciki ita ta fara miƙo hannu waje ta hanyar VPN.

To, ƙofa ta biyu fa? Ƙwararru sun daɗe da sanin wannan ciwon, shi ya sa manyan uwayen garke ke zuwa da wata 'yar kwamfuta a cikinsu mai ramin wayarta daban, Dell na kiran tata iDRAC, HP kuma iLO. Ko babbar ta sume, ta nan za ka shiga ka tashe ta. Na'urorin Juniper suna da wani umarni mai wayo: ka yi canji, in ba ka dawo cikin minti goma ka tabbatar ba, sai na'urar ta ɗauka ka kulle kanka a waje, ta koma yadda take da. Kai da ba ka da ko ɗaya, dabararka ta talaka ita ce in za ka taɓa katanga ko saitin SSH, kada ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe ta biyu ka gwada shiga. In ta shiga, sannan ka tafi cin tuwonka.

Sai dai sharaɗin shi ne ta biyun kada ta sha ruwa a rijiya ɗaya da ta farko. Facebook ai suna da ita, ta faɗi tare da babbar. A Kanada ma, ranar 8 ga Yulin 2022, layukan kamfanin Rogers sun ɗauke wa mutane sama da miliyan 12, biyan kuɗi da kati ya tsaya a shaguna, wasu ko lambar agajin gaggawa sun kasa kira. Binciken da aka yi daga baya ya nuna injiniyoyin kamfanin sun sha wuyar shiga na'urorinsu, har da samun junansu a waya, saboda su ma layin kamfanin suke riƙe da shi. Mu da kowa ke yawo da layi biyu a waya ɗaya mun riga su gane wannan. Amma ko mu kada mu cika baki, sau da yawa turke ɗaya kamfanonin biyu ke haya, in janaretansa ya tsaya duka layukan naka sun tafi.

Na san abin da mai hankali zai ce: kowace ƙofa ka ƙara, ka ƙara wa ɓarawo hanya. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Duk wanda ya taɓa kunna sabuwar uwar garke ya leƙa kundin masu ƙoƙarin shiga, zai ga kafin gari ya waye wasu na'urori daga ko'ina a duniya sun yi ta gwada kalmomin sirri a ƙofa ta 22, ba don sun san shi ba, haka suke bin gida-gida. A watan Mayun 2021 'yan kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, kalmar sirri kawai gare shi babu mataki na biyu. Bututun ya tsaya kwanaki, Amurkawa suka ɗanɗana layin mai irin namu, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Su Facebook ma da ƙura ta lafa cewa suka yi sun gwammace tsaron da ya jinkirta su a rana ɗaya, da sakacin da zai bar su a buɗe kullum, kuma a nan ina tare da su. Abin da nake kira gare shi ba ƙofar da aka bari a sake aka manta ba ce. Ƙofa ce mai kwaɗo mai ƙarfi, wadda ka san da ita, kake gwada ta lokaci-lokaci, mukullinta kuma yana wani wuri daban. Ta Colonial mantuwa ce, ba tanadi ba.

Wataƙila ka ce kai ba ka da uwar garke, ba ka da niyyar mallaka. To ɗauko wayarka mu duba. Imel ɗinka in ka manta kalmar sirri, ina za a turo lambar tabbatarwa? Layinka. Layin yana ina? A cikin wayar. Lambobin sirrin banki da na Facebook da ka rubuta don kada ka manta, suna ina? A cikin wayar. Ke mai sayar da turaren wuta ko kayan kicin a WhatsApp, lambobin kwastomominki ɗari uku da lissafin masu bashi, suna ina? Ranar da aka fizge wayar nan a cikin Keke, ko aka rufe layin kan maganar NIN, za ki tsinci kanki daidai inda injiniyoyin Facebook suka tsaya, komai naki yana nan lafiya, ke ce kawai ba ki da hanyar isa. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma da za ka iya kwafewa a takarda ka shiga da su ko babu layi. WhatsApp yana da lambar sirri ta mataki na biyu da wurin sa imel. Kyauta ne duka, kuma ba su kai tsawon bidiyo uku na TikTok ba.

Ga masu neman abin yi kuma, ina ganin muna kallon gefe ɗaya. Kowa so yake a ce shi ya ƙirƙiri manhaja, ko ya iya zane, ko yana haƙar kirifto. Ba laifi. Amma je ka dubi kowace cibiyar rubuta jarrabawar JAMB ta kwamfuta, ɗaruruwan kwamfutoci ne rataye da uwar garke ta cikin gida. Dubi asibitocin da suka koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, da otal-otal, da manyan kantuna, da makarantu masu shafin duba sakamako. Duk ranar da abin ya tsaya, ba mai zanen tambari ake nema ba. Ana neman wanda zai shigo bai rikice ba, ya tambayi me aka taɓa jiya, ya karanta jan rubutun nan har ƙarshe, ya ce matsalar tana tsakanin nan da nan. Ba a ɗaukar hoton wannan aikin a ɗora a Instagram, amma wanda ya iya shi lambarsa tana wayar kowane manaja. Kuma koyonsa bai buƙatar jari mai yawa: tsohuwar kwamfutar da aka jingine a gida, ka sa mata Linux, ka shige ta daga wayarka, ka lalata ta da gangan, ka gyara. Ka kulle kanka a waje sau goma a inda babu leshin kowa a ciki.

Yaya dai ba ta sake yarda da shafin ita kaɗai ba. Ta sayi littafi mai bangon kwali ta sa 'yarta ta kwafe mata lambar kowane kwastoma da abin da ake binsa, tana ajiye shi a ƙasan akwatin atamfofi. A shafin ƙarshe ta sa na rubuta kalmar sirrin uwar garken da hannuna, ta karɓe littafin. Ko yanzu in na ce zan yi wani gyara sai ta ce, "Auta, bari sai bayan Sallah."